Ranar da Ya Fita Babu Igiya

Da na kwance igiyar nan daga jikin guga na miƙa masa, da yanzu yana nan zaune a ƙofar gida? Wata biyar ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya. Na yi ta a kan sallaya, na yi ta a bakin murhu, na yi ta ina tsintar wake. Na san abin da liman zai ce, don ya faɗa ranar sadakar uku: idan kwana ya ƙare, ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da Ubangiji. Sai dai bakina ne ya riga yarda, zuciyata tana baya tana jan ƙafa.

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar autana ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ita na zaɓa domin akwai maganar da ba zan iya duban idon 'ya'yan cikina in faɗa ba. Idan ta gama za ta karanta musu, ni ina ɗaki. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Shekara hamsin da ɗoriya ban kira shi ba, ba yau zan fara ba. Maigida nake cewa. Mutanen ƙauyenmu da direbobin hanyar Ɗanbatta kuwa Baba Mai Igiya suke ce masa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa ban leƙa waje ba, amma an ce mini motoci sun yi layi tun daga bakin titi har gindin tsamiyar masallaci. Direbobi ne, waɗanda ya shekara yana yi wa faɗa. An ce wani ƙaton mutum mai jigilar tumatir daga Watari ya zauna a kan tayar motarsa yana kuka kamar yaron goye, aka rasa mai ba shi haƙuri. A cikin gida kuwa duk matar da ta yi sallama magana ɗaya ce a bakinta: “Baba Mai Igiya? Shi kaya ya faɗo wa? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Kamar an ce musu ruwa ya ci sarkin ruwa.

Da la'asar aka kawo yayarsa. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma harshenta yana nan da kaifinsa. Aka zaunar da ita kusa da ni, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta yi addu'a, ta share hawaye, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ina igiyar tasa?”

Mata suka dubi juna.

“Tambaya nake yi. Yaron nan ko gaisuwar mutuwa zai je, da igiyarsa a kafaɗa yake tafiya. An kawo kekensa, an kawo hularsa, an kawo takalminsa. Ina igiyar?”

'Ya'yana maza suka koma bakin titi suka bincika ciyawa da gonakin gefe, ba su gan ta ba. Wata ta ce ai a irin wannan cunkoso ba a rasa mai dogon hannu. Sai yayarsa ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Duk wanda ya ɗauke igiyar mamaci, Allah ya isa tsakaninmu da shi.” Mata suka ce amin. Ni na ja mayafi na rufe fuskata, suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina.

Igiyar tana bakin rijiyarmu, taku goma daga inda muke zaune. Da ita 'yan zaman makoki suka yi ta jan ruwan alwala kwana uku. Da ita aka ja ruwan da aka yi masa wanka. Babu wanda ya gane ta, don duk igiyar gidan nan tufkarsa ce, kuma jiƙaƙƙiyar igiya kamarsu ɗaya. Ni kaɗai na sani, na kuma yi shiru har na fita takaba.

Kafin in faɗi yadda ta je bakin rijiya, bari in faɗi ko wane ne shi, kada jikokinsa su tashi abin da suka sani kawai shi ne buhu ya kashe kakansu.

Da jakai ya fara. Tun yana saurayi yake kai gyaɗar mutane kasuwa, jaki huɗu a gabansa. Lokacin bikinmu, jakansa aka aiko garinmu Kunci su ɗauko kayan ɗakina. Dangina suka ɗora, suka ɗaure yadda suka iya, aka kama hanya. Ashe yana ɓoye a bayan wata kuka a wajen gari. Da ya ga yadda tasoshina suke rangaji a kan jaki, sai haƙurinsa ya ƙare, ya fito ya tsayar da ayarin, ya sauke komai ya sake ɗaurewa. Gwaggona ta riƙe haɓa ta ce, “Yau na ga ango marar kunya! Kai ba a ɗaka aka ce ka zauna ba?” Bai ɗago kai ba ya ce, “Gwaggo, kunyar tana nan, in na gama ƙullin nan zan ji ta.” Har muka isa ko murfin kwano bai yi ƙara ba.

Da motoci suka kori jakai, ya koma tasha yana ɗaurin kaya. Da ƙarfi ya fara ja baya, ya dawo gida ya kama tufka. Kowace damina yakan shuka rama a gefen gona. Idan ta isa ya yanke, ya jiƙa a kududdufi, ya ɓare, ya shanya, sannan ya zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa, yana murzawa yana sauraron rediyo. Tafin hannunsa ya zama kamar bayan ƙwarya. Idan ya shafa kan jikokinsa sai su ce Kaka yana yi musu susa.

A cikin duk abin da ya tufka, akwai guda ɗaya da yake ware wa kansa: doguwa, mai kauri. Ita ce ta kafaɗa. A ƙusa take kwana a bayan ƙofar ɗakinsa, kuma doka ce babu mai taɓa ta. Ba a ɗaure akuya da ita, ba a shanya a kanta. Yakan ce, “Wannan ba tawa ba ce, ta mutanen hanya ce.”

Abin da yake nufi shi ne, ba ya iya wuce motar da aka yi wa mugun ɗauri. Ko sauri yake yi sai ya jingine kekensa. Ya zagaya motar, ya sa yatsa ya ja igiya, ya girgiza kai. Direbobi suna tsokanarsa.

“Baba, kai ne sabon jami'in hanya? Ina kakin naka?”

“Ga shi a kafaɗata. Sauko, ɗan nema, ka kama mini can ɓangaren.”

“Baba, Allah ne mai kiyayewa.”

“Shi ne. A ɗaure tukuna, sannan a ce Allah ya kiyaye hanya.”

Wannan ita ce maganarsa, har yaran gari suka haddace. Abin da ya fi tsana shi ne robar nan da ake yankowa daga tsohon tayar mota ana ɗaure kaya da ita. Ya ce roba munafuka ce, tana yi maka biyayya a tasha, idan an hau hanya ta saki kayanka. Idan ya ga ɗaurin ba zai gyaru ba, sai ya sauke ta kafaɗarsa ya tamke kayan da ita, ya ce a ajiye masa a wurin mai facin taya na mararraba a dawowa. Yawanci suna dawo da ita. Idan direba ya yi masa gardama kuwa, gaban motar yake zuwa ya tsaya, ya harɗe hannu. Sau nawa ana zuwa a ce mini, “Inna, je ki ga mijinki ya tare mota.” In ce, “Ku bar shi, in an ɗaure zai matsa.”

Na taɓa tambayarsa me ya dame shi da kayan da ba nasa ba. Ya ce, “'Yar Kunci,” don haka yake kirana, “ba kayan nake ji ba. Na bayan motar nake ji. Buhu bai san ɗan kowa ba.”

Mai rubutun nan tana murmushi, ta san inda zan je yanzu. Shekara biyu da suka wuce, ita da autana suka zo daga Kano da jaririyarsu 'yar wata takwas, za mu je suna Kunci a motarsa. Na leƙa baya, sai na ga wata 'yar kujera mai maɗaurai, an kwantar da jikata a ciki an tamke ta ƙirji da cinya. Raina ya ɓaci. Na ce a ciro mini ita in riƙe a cinyata. Surukata ta durƙusa ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, a mota a nan take zama.” Na ce, “Tara na haifa, tara na raina, ban taɓa ɗaure ɗa kamar tunkiyar da za a kai kasuwa ba. Hannuna ne ba ki yarda da shi ba?” Ta sunkuyar da kai, amma ba ta kwance yarinyar ba. Autana ya rasa bayan wa zai bi, ya shiga goge gilashin da babu datti.

Sai ga Maigida. Ya sa kai cikin motar, ya daɗe yana dubawa. Ya ja wannan maɗauri, ya ja wancan, ya girgiza kujerar da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ya ɗago fuskarsa tana haske, ya ce, “Wanda ya ƙera wannan abokin sana'ata ne. Ina ma in gan shi mu gaisa.”

Na ce, “Au, bayanta za ka bi?”

Ya ce, “Taran da kika raina, a hannu kika riƙe su kina daka? Ba zani kike sawa ba, ki ƙara da majanyi, ki ƙulle a ƙirji? Goyo ma ɗauri ne. Wannan majanyin mota ne.”

Na shiga na zauna ina kumbure-kumbure, na ƙi jan bel ɗin da autana ya miƙo mini. Maigida kuwa yana gaba ya ja nasa ya ƙulle, har da gyara zama kamar wani hakimi. Ba mu yi nisa ba wani rago ya faɗo titi, autana ya taka burki, goshina ya daki kujerar gaba, goron da ke bakina ya yi tsalle. Jaririya ko farkawa ba ta yi ba. Can sai Maigida ya yi gyaran murya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “'Yar Kunci, da ke ma mun samo miki irin kujerar.” Kwana biyu ban yi masa magana ba. Yau da zan samu ya sake faɗa, da na biya da duk abin da na mallaka. Ke kuma, 'yata, ban taɓa ce miki kin yi daidai ba. Kin yi daidai. Rubuta har da wannan.

Faɗanmu na gaskiya a kan igiya yake, tun muna da ƙuruciya. Mutumin nan kyauta yake yi da ita kamar ruwa. Mace ta wuce da ƙunshin kara yana zubewa, ya kira ta ya ba ta igiya. Mai amalanke ya tsaya gaisuwa, ya tafi da igiya. Kaɗan yake kai wa wani mai kanti a ƙauyen gaba ya sayar masa. Sai ya zama gidan mai igiya shi ne gidan da babu igiya. Ni nake ƙulla tsumma in ɗaure awakina.

Da kakar bana igiyar rijiyarmu ta fara cinyewa. Na gaya masa. Ya ce sabuwar rama tana shanya, in ba shi kwana kaɗan. Na sake gaya masa, ya ce gobe. A cikin kwanakin nan da idona na ga ya ba wani baƙo igiya sabuwa fil. Ranar kasuwar Ɗanbatta da safe, yana masallaci wurin lazimi, na jefa guga, ina cikin ja igiyar ta tsinke. Da ƙyar na ciro gugan da ƙugiya.

A nan ne gaskiyar take, kuma ita ce na kasa faɗa. Ba rashin yadda zan yi ne ya sa ni ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, da na ɗaga murya an miƙo mini aro. Fushi ne. Na ce yau sai ya ji abin da nake ji. Na shiga ɗakinsa, na sauke ta kafaɗa daga ƙusa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na ɗaura ta a guga, na zura ta a rijiya, na tabbatar ta jiƙe sharkaf.

Ya dawo ya gan ta. Abin da ya gudana tsakaninmu na ajiye shi sai ƙarshe, don idan na faɗa yanzu ba zan iya ci gaba ba. Ya dai ɗauki kekensa ya fita, kafaɗarsa babu komai.

Sauran labarin daga bakin mai faci na mararraba na ji shi, da bakin direban kansa. A mararraba Maigida ya tarar da wata motar ɗaukar kaya an yi mata lodin buhunan gero har sun wuce bodi. Layin ƙasa an ɗaure da igiya, na sama kuwa roba biyu kawai aka ja. Ya jingine keke, ya zagaya, ya ce wannan kaya ba zai kai ba. Mai faci ya ce ya ga lokacin da ya kai hannu kafaɗarsa, ya shafa, ya tsaya, sannan ya sauke hannun a hankali. Ya tambayi mai faci ko akwai igiya, babu. Sai ya ce wa direban, “Akwai nawa a wurin mai kanti a ƙauyen gaba, ya fi gida kusa. Jira ni in karɓo.” Direban ya ce, “To, Baba.”

Maigida ya hau keke ya kama gefen titi. Direban ya duba rana, ya ga kasuwa tana ci, ya ce a ransa nan da Ɗanbatta ne, zai tafi a hankali. Ya tayar da mota. A kwanar da ke gaban kwalbati ya cim masa. Akwai rami a wurin, ya kauce wa ramin, motar ta karkata, robar ta saki. Buhunan sama suka zubo ta gefen da Maigida yake. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An ce mini gero ya malale a titi, kuma matan ƙauyen sun hana ko kaji su ci, suka share suka binne.

Ranar sadakar bakwai direban ya zo da mahaifinsa. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙauyen da ke bayan namu ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, na san uwarsa. Maganar hukuma na bar wa maza. Ya nemi a bar shi ya gaishe ni, aka kawo shi ƙofar ɗaki, ina ciki labule a tsakaninmu. Da ya buɗe baki abin da yake ta maimaitawa ke nan: “Inna, cewa ya yi in jira. Na ce masa to. Wallahi na ce masa to.”

Na yi ta juya wannan “to” ɗin. Mu haka aka raine mu, yaro ba ya ce wa babba a'a a kan idonsa. Sai ya ce to, babba ya juya baya, ya yi abin da ya ga dama, a ce yana da ladabi. Da direban ya yi masa rashin kunya ya ce ba zai jira ba, da Maigida ya je gaban motar ya harɗe hannu kamar yadda ya saba, da har yanzu suna can suna musu. Ladabin ne ya ɗora shi a kan titi.

Na ce masa na yafe. Mahaifinsa ya yi ta sa mini albarka, yana cewa ba a samun irin zuciyata. Bai san ina jin kukan ɗansa ina kallon bakin rijiya ta gefen labule ba. Shi ya ƙi jiran igiya, ni na hana igiyar fita. Da wane baki zan ƙi yafe masa?

To, 'ya'yana, yanzu kun ji. Babu ɓarawo. Mutanen da suka ɗauki mahaifinku daga titi, suka cire rigunansu suka rufe shi, ba su ɗauki komai ba, kuma wata biyar ana yi musu kallon da bai dace ba saboda shiruna. Babbanku ya je wurin gwaggonku ya gaya mata ni ce. Ta janye Allah ya isan da ta yi, ko ta bar shi a kaina, duk wanda ta zaɓa ba zan ga laifinta ba. Ku kuma idan kun ji nauyin shigowa gaishe ni gobe, zan gane.

Sai abu ɗaya da nake roƙo. Igiyar ba ta rijiya ba ce, ta mutanen hanya ce, shi ya faɗa. An ce mini direban ya koma tuƙi, don yana da bakunan da zai ciyar. A kai masa ita. A ce in ji ni, kada ya sake tayar da mota sai ya zagaya ta ya sa yatsa ya ja ɗaurin, kuma idan ya ga wani zai tashi da sakakken kaya, ya tsaya a gabansa ko da za a zage shi. Amma kada a kwance ta daga jikin gugan. A sa wuƙa a yanke daga saman ƙullin, a bar mini ƙullin. Shi ne na ƙarshe da ya yi a duniya.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya kai na kan hanya gida lafiya, da su da na bayansu.

Ga abin da na ajiye. Da ya shigo daga masallaci ina tsaye a bakin rijiya, na riƙe ƙugu, na shirya maganganuna tsaf, jira nake ya ce kanzil. Ya dubi ƙusar ta ƙofar ɗaki, ya dubi igiyar tana ɗigar ruwa, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya zo ya tsuguna, ya ɗaga gugan, ya duba ƙullin da na yi, ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya kwance shi. A lokacin igiyar tana hannunsa, da ya so da ya naɗe abarsa ya tafi, da na so da na ce ɗauki kayarka. Babu wanda ya yi. Ya sake zura ta a hannun gugan, ya yi irin ƙullinsa, ya taka gugan da ƙafa ya ja da ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya miƙe yana dafa gwiwa, ya sa mini bakin igiyar a hannu. Ni kuwa na kau da kai, don ban gama fushi ba.

Ya ce, “'Yar Kunci, laifina ne. Ja ruwanki a hankali. Na ɗaure miki da kyau, ba zai kwance ba.”